Kibiyoyi uku a bakin karyata

Ranar Juma'a ce, a farkon rani na 1971, wajen ƙarfe bakwai na safe, a garkarmu da ke fadamar Dogarawa. Mu uku ne: ni, da Baffa wan mahaifina, mai garkar, da maƙwabcinmu mai noman albasa. Akwai kuma karyata, ja, mai yankakken kunne, wadda na raina tun tana kwikwiyo.

Kwana da kwanaki wata beguwa tana tone mana dankali. Ran nan gari ya waye mata a cikin garka, karya ta tare ta a bakin shinge. Beguwa ba ta gudu ba. Ta juya, ta afko da baya. Kafin maƙwabcin ya sauke mata ƙota a ka, kibiyoyinta sun cika fuskar karyar. Uku sun shige cikin baki, can wajen maƙogwaro.

Na durƙusa, na naɗe hannun riga. Da kanta ta buɗe mini bakin.

"Mi za ka yi?" in ji Baffa.

"Cire mata zan yi, Baffa."

"Hannunka cikin bakin kare, ran Juma'a? Da shi za ka gaisa da mutane a masallaci? Da shi za ka ci tuwo akushi guda da ni? Tashi. Aikin maharbi ne."

Maƙwabcin ya yi dariya. "Malamin lakwal ya koma likitan karnuka!"

Shekarata ashirin da shida, ina koyar da 'ya'yan mutane tsabta a makarantar lakwal, wato firamaren hukuma, na kuma san ruwa da sabulu sun isa wanke hannu. Amma na tashi. Maharbin garin ya tafi cin rani Sakkwato. Dukanmu mun san haka, har Baffa.

Da tsagaggen kara na zare mata na fuska. Na ciki kara bai kama su ba. Aka feɗe beguwa, aka kasa naman uku. Baffa ya tsince kibiyoyin da suka zube, ya kai wa mata su riƙa tsaga kitso. Kasona aka dafa a gidana, na kuwa ci.

Kwana uku karyar tana zuwa bakin rijiya, ta sa baki a ruwa, ruwan ya dawo ta gefe. In ta gan ni sai ta kaɗa wutsiya. Ran Litinin da hantsi ta mutu a gindin zogale.

Bayan sati biyu wata beguwa ta shiga dankalin. Baffa ya aiko in nemo masa kwikwiyo.