Zakaran Inna da giyar motar Yaya

Jama'a, yau sai da muka yanka zakara kafin motar Yaya Sani ta gyaru!

Kwana uku ina gyaran giyarta otomatik a tsakar gida, gobe zai kai kaya Kongolam. Na zo haɗawa, ɗan ƙwallon ƙarfen ciki, kamar ƙwayar dawa, babu shi a farantin da na zuba ƙananan kayan giyar. In ba shi, giya ba ta canzawa. Yaya ya ce, "Dama na ce a kai Kano, ka ƙi ji."

Sai Inna ta ce, "Ɗazu na ga zakarana yana caccakar farantin nan. Ku kamo shi."

Muka yanka, muka tsaga ƙundu. Wallahi ga shi yana ƙyalli!

Na haɗa, muka gwada, lafiya lau. Yaya bai ce sannu ba, amma ya bar min cinya.