Rawayar da Kakata Ta Nemo da Tafin Ƙafa

Shekaranjiya ɗana da ke karatu can ƙurewar arewacin duniya, inda ƙanƙara ke cinye rabin shekara, ya turo mini hoton wani ɗan fure ruwan ɗorawa, manne da ƙasa tsakanin duwatsu. Wai an ce su gano sunansa da irin wurin da yake fitowa. Na yi ta dariya ni kaɗai, don kakata na tuna.

A gidanmu na Tishigu ita ke yin man kaɗanya, kuma nata kaɗai ke fita da launin ƙwaiduwa, saboda saiwar rawaya da take dafawa a ciki. Shekarar da yanar ido ta hana ta gani, maƙwabciyarmu ta shiga yaɗa cewa tsohuwa ta gama, bana farin mai za ta yi kamar kowa. Maganar nan ta ci kakata ƙwarai.

Ta aike ni neman saiwar. Ni da rawar kai, fure na farko da na gani a bakin fadama na tono. Ta shinshina saiwar, ta cilla wa awaki. "Wannan 'yar ruwa ce. Tawa ba ta shiri da danshi."

Washegari ta tuɓe takalmi, ta dafa kafaɗata, muka nufi bayan Nyanshegu inda aka ƙona daji. Rani ne, ƙasa na ƙuna, amma tana tafe tana saurare da ƙafa. Yashi, mu wuce. Busasshiyar laka, mu wuce. Da ta taka jar tsakuwa gauraye da toka sai ta ja birki.

"Duba ƙasa. Furen ba ganye, a zaune yake."

Ga su kuwa birjik! Na tona, ta karya saiwar ta murza. "Hannuna ya rine?"

"Ya rine, Kaka!"

Ta rangaɗa guɗa a tsakiyar daji, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Ranar da man ya daskare, maƙwabciyar ce ta fara aiko kwano, wai a ɗan sam mata na shafa wa jariri. Kakata ta cika shi har baki, ta ce a gaishe ta da kyau.

Bara na koma wurin. Gidajen bulo ne ko'ina, an malale tsakuwar da siminti. Ina tsaye da tabarau ina ta kallon ƙasa, wata mata ta leƙo daga shagonta.

"Mma, wani abu ya ɓace miki ne?"

Na ce mata e.