Laure Mai Daddawa a Birnin Mito

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Rogo ya san Laure mai daddawa, in bai san fuskarta ba ya san ƙanshin kayanta. 'Yar ƙauyen Jajaye ce, ta ba hamsin baya, kuma Allah ya ba ta harshe: ta ɗanɗana miya sau ɗaya ta lissafa maka abin da aka zuba, har da wanda aka manta. Da kalwa ta fara wuya, ita ta koya wa matan ƙauyensu daddawar waken suya. Shi ya sa da wata ƙungiyar manoma ta nemi mata biyu da za a kai Japan su ga yadda ake sarrafa wake, ba a yi doguwar shawara ba. Aka haɗa ta da Bahijja, malamar gona daga Karaye, mai jin Turanci, sa'ar 'yarta ta fari.

Sai dai Laure tana da wani hali. A hannun goggonta ta tashi, 'yar riƙo, kuma goggon ta dasa mata cewa tayin abinci na farko gaisuwa ne, na biyu kara, sai an yi na uku ake miƙa hannu. Ko a gidan biki ba ta taɓa karya wannan doka ba.

Kwana tara suka yi tsakanin aji da masauki, suna dafa shinkafarsu da yajin da suka taho da shi. Rana ta goma aka ware musu ta yawo a birnin Mito. Laure ta tashi kamar ranar sallah, don matan Jajaye sun ce ba sa son tsarabar zane, labarin tukunyar mutanen nan suke so, kuma ta yi musu alkawarin sai ta sa komai a baki in dai halal ne. Mai yi musu jagora, Madam Keiko, tsohuwar malamar makaranta ce, ta zo da takarda ta rubuta duk abincin da babu alade ko giya a ciki.

Tun a jirgin ƙasa bakin Laure ya ƙi rufuwa. Jirgi na gudu, ruwan kofi bai ko motsa ba. Da suka shiga babban lambun garin kuwa sai ta riƙe haɓa: itatuwa dubbai sun yi fure fari da ja, babu ganye ko ɗaya, tsofaffi da sanduna sun tsaya suna ɗaukar hoton fure kamar amarya. A ƙasan tudu ga tafki da wasu agwagi baƙaƙe masu dogon wuya, ba mai jifansu, ba mai nufinsu da wuƙa. Ta sa Bahijja ta ɗauke ta hoto ya fi ashirin, ta ce gani ya kori ji.

Daga nan suka faɗa layin masu abinci. Na farko dankalin Hausa ne aka gasa kan duwatsu masu zafi, an ɓare shi, zuma na tsatsowa daga cikinsa. Keiko ta saya ta miƙo da hannu biyu. Yawun Laure ya tsinke, amma bakinta ya riga ta, ta ce alhamdulillahi, a ƙoshe take. Bahijja ta fassara. Keiko ta sunkuya, ta ba da haƙuri, ta janye hannu. Laure ta tsaya jiran tayi na biyu, har suka bar wurin bai zo ba.

Haka aka yi a wurin kifin da aka tsire da gishiri, haka a wurin curin shinkafa mai zaƙi uku-uku a tsinke. Bahijja kuwa babu ruwanta, ci take tana santi, tana lashe yatsa.

"Inna, nan fa ba a maimaita tayi," ta raɗa mata. "In kin ce a'a, a'a suka ji."

"To ni mayunwaciya ce da zan cafke tun a na farko? Ke dai ci naki."

Ta faɗa ne da ƙarfin hali, amma ranta ya ɓaci ƙwarai. Rana ta karkata, cikinta na kuka, ga alkawari, kuma gobe za su hau jirgin sama su koma gida. Abin da ya fi cin ranta, ta ga Keiko ta naɗe takardar nan ta tura a jaka, ta tambayi Bahijja a hankali ko abincinsu ƙyama yake ba baƙuwar.

Saura rabin awa jirgin ƙasan da zai mai da su masauki ya tashi, suna wucewa ta wani shago kusa da tasha, Laure ta ja birki. Hancinta ya ɗauko abin da ya sani tun tana 'yar shekara bakwai. An rataye wasu ƙunshe-ƙunshe na karan shinkafa, wata tsohuwa ta buɗe ɗaya, ga wake ya ruɓa daidai, yana yauƙi kamar kuɓewa. Daddawa ce a kwana na biyu, kafin a daka. Keiko ta ce sunansa natto, da shi garin ya yi suna, haka suke cinsa da shinkafa da safe. Amma ba ta yi tayi ba. Matar da ta ƙi dankali, wa zai miƙa mata abin da baƙi ke toshe hanci a kansa?

Laure ta jira. Keiko ta dubi agogo. Bahijja ta buɗe baki za ta yi magana, Laure ta riƙe mata hannu, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta matsa gaban Keiko, kunya kamar ta nutse, ta nuna waken, ta nuna bakinta.

"Ina so," in ji ta. "Yunwa nake ji tun safe."

Ba a jira fassara ba. Tsohuwar shago ta juya waken da tsinke har ya yi kumfa, ta zuba kan shinkafa mai zafi. Laure ta yi bismilla ta kai loma, ta lumshe ido, ta ce wake ƙanana ne, an dafa shi da kyau, karan ne ya ba shi wannan ƙanshi, gishiri kaɗai ya gaza. Da Bahijja ta fassara, tsohuwar ta tafa hannu, ta kira mijinta daga ciki ya zo ya ga baƙuwa. Keiko na dariya tana share ido, ta zaro takardarta ta warware, ta ce akwai wani jirgin bayan awa biyu, kuma masu dankali ba su tashi ba.

Laure ta sharce kwanon tas. Tunda take, ba ta taɓa roƙon abinci da bakinta ba sai yau, a ƙasar mutane, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Ta miƙa wa tsohuwar kwanon da hannu biyu.

"Bahijja, ce mata ta ƙaro."