Faifan Kaka a Kan Ma'aunin Ruwa

Har yau in ruwan sama ya fara dukan kwanon rufi, sai in ji ƙafata tana ƙaiƙayin fita tsakar gida. Malaminmu na labarin ƙasa ne ya ja mini wannan, lokacin ina aji biyu a sakandare, muna zaune a Badarawa.

Mutumin nan in yana bayanin yanayi har ɗage yake yi don daɗi. Zafi, iska, laima, ruwan sama, kowanne ya ce da ma'auninsa. Ana gobe dogon hutu ya koya mana haɗa namu: kwalba, mazurari a bakinta, sai rula. Kullum da safe a auna, a zana sanda a takarda, tsawonta gwargwadon ruwan da aka yi. Wadda aikinta ya fi, zai kai ta ofishin masu duba yanayi a filin jirgin Mando. Ni da ban taɓa ganin jirgi a ƙasa ba, ranar ko abincin kirki ban ci ba.

Na kife tsohon turmi a tsakar gida, nesa da indararo, na ɗora kwalbata, na tokare ta da duwatsu. Agusta ce fa, kuma a Kaduna. Ruwa ya kwana yana zuba, kwata ta cika, kwaɗi su hana mutane sakat, amma in fito da safe in tarar da kwalba ƙayau. In da rana aka yi ruwan, sai in samu. Na zargi ƙannena, na zargi akuya, har malam na fara zargi. Takardata kuwa ta zama abin tausayi, sanduna nan ɗaya can ɗaya kamar haƙoran tsohuwa.

Wata safiya na riga kowa fitowa. Me zan gani? Faifai a kife a kan mazurarin, da dutse a samansa. Sai ga Kaka, mahaifiyar Baba, ta taho da carbinta za ta ɗauke abinta, yadda ashe take yi kowace safiya.

"Ba a kwana da mazubi a buɗe a gidan nan, 'yar nan," in ji ta. "Kin san abin da ke sauka cikin dare?"

Na ce ruwa ke sauka, Kaka, shi nake nema. Na yi kuka har da majina, ita kuwa ko gezau. Baba ne ya raba gardamar kafin ya hau kekensa zuwa ofis. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ai malamai sun ce ko tsinke aka gitta da bisimilla ya wadatar." Ta taɓe baki. Da magariba na gan ta ta zare tsinken tsintsiya, ta gitta shi a bakin mazurarin tana motsa leɓe. Washegari kwalba har wuya. Tsalle na yi ta yi, rula a hannu.

Da muka koma makaranta, ban cike guraben da ƙarya ba. A ƙarƙashin kwanakin farko na rubuta "faifan Kaka". Malam ya ɗaga takardar ya tambayi aji wane gari ne wannan, rabinsa hamada rabinsa fadama. Da na ba da labari ya yi dariya har ya zauna a kan tebur. Sannan ya ce mai auna yanayi na gaskiya shi ne wanda ke faɗin abin da ya sami ma'auninsa. Ni aka kai Mando.

Na dawo bakina bai rufuwa: jirage, ƙaramin akwati fari mai ƙafafu, wani abu mai kofuna yana juyi da iska. Kaka ta saurara tsaf, ta tambayi abu ɗaya, ko nasu ma'aunin a rufe yake kwana. Na ce a buɗe.

"To, Allah ya tsare masu shiga jirgin nan," ta ce.

Yanzu ɗalibaina a waya suke duba ko za a yi ruwa, wasunsu ba su taɓa riƙe ma'auni ba. Ina koya musu dai. Amma ni da na tsufa da alli a hannu, in na kwanta na tuna akwai tukunya a buɗe, sai na tashi. Allah ya jiƙan Kaka, ita ta yi nasara.