Saƙon da Ya Riga Ni Shiga Gidan Inna Kulu

Ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya a zauren gidan Inna Kulu a Malisa ina ta doka sallama ba. Wata Laraba ce cikin damina, na daɗe da buɗe rumfar gyaran rediyo a kasuwar Gwandu, har ana kirana shugaban masu gyara. Ku sababbin shiga wannan sana'a ku saurara, don da hannuna na haɗa abin da ya yi ɓarnar.

Abin da muke kira akwati ƙaramar tiransimita ce, ba ta fi kwalin ashana biyu ba. Ana jona ta da wayar hannu, a nemi gurbin da babu tasha a rediyo, sai karatu ko labarai na intanet su fito a rediyon gida. Ƙa'ida ita ce kada sautin ya wuce katanga. Kuma akwati ba ya zaɓe, duk abin da waya ta kunna shi zai watsa.

Umaru, autan Inna Kulu, direba ne a Kalgo. Shi ne ya sa ni na haɗa musu akwatin, saboda idon tsohuwa ya tafi, amma rediyonta ko da laluben hannu ta san inda za ta murɗa. Wayar tana hannun matarsa Saratu. Ita ke kunna tafsiri, bayan azahar kuma Umaru ya aiko gaisuwa ta saƙon murya, uwar ta ji shi a rediyo. Da ya ce in ƙara tsawon eriya don maƙwabta su samu tafsiri, na san ba daidai ba ne, amma na ƙara. Ina son a riƙa cewa aikin Malam Haruna akwai ƙarfi.

Ranar nan da hantsi yayan Umaru, Malam Sani, ya kira ni daga Kalgo. Mota ta kife, Umaru ya cika.

"Malam Haruna, ka tai Malisa yanzu ka cire akwatin ga," in ji shi. "Ka ce gyara za ka yi. Inna na da hawan jini. Kawu da liman na tahe daga Maruda, su za su zaunad da ita su hwaɗa mata. In na kira Saratu, da jin muryata ta gane, Inna ko ta ji kukanta."

Na hau babur, laka ta ci min lokaci, na iso ana kiran azahar. Babu namiji a gidan, duk suna gona. Gidan kulle ne, ban taɓa shiga ba sai Umaru na gaba ina biye. Na yi sallama sau uku, Saratu tana daka, ba ta ji ba. Ga eriyata ina hange a kan ɗakin Inna, bai fi taku goma ba. Na tsaya ina tunanin abin da za a ce a Malisa in aka ga ƙato ya faɗa wa matar aure gida.

A rumfar telan da ke kallon gidan, rediyo na ba da tafsirin. Sai na ji daka ta tsaya, tafsiri ya yanke. Saƙo ne ya shigo daga wayar Umaru a daidai lokacin gaisuwarsa, Saratu ta ga hoton mijinta ta latsa. Wani bawan Allah ne da ya tsinci wayar a wurin hatsarin.

"Salamu alaikum. Mai wayar ga ya rasu, mota ta kihe da shi. Gawa tana asibiti."

Tela ya ji, matan gidaje huɗu sun ji. Sai a lokacin na shiga ba izini.

Na tarar da Saratu a ƙasa. Inna tana zaune da rediyo a cinya, tana murɗawa gaba da baya.

"Wa ka magana?" ta ce. "Wanga ba Umaru ba na. Saratu, mai da mani Umaru."

Ta faɗa sau biyu, sannan ta sulale. Ba ta mutu ba, amma ɓarin jikinta ya shanye, bakinta bai sake buɗewa da magana ba. Kawu da liman suka iso da kalaman da suka shirya a hanya, ba su sami wanda za su faɗa wa ba.

Bayan jana'iza Malam Sani ya ja ni gefe.

"Yaushe kaz zo gidan?"

"Tun ana kiran salla," na ce.

Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya tafi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Tun daga ranar ba na jona akwati da wayar da ake aiko wa saƙo, ba na ƙara wa kowa eriya, kuma makunnin akwati a zaure nake sa shi, inda baƙo zai iya kai hannu. Mu nan mun san wanda ya kamata ya fara jin mutuwa, da bakin da zai faɗa, akwati bai sani ba. Ni kuma da na sani, na tsaya a zaure ina tsaron mutuncina har wani baƙo ya faɗa wa uwa ta rediyo.