Sai da Takarda a Hannu

Shekara bakwai na yi ina koyarwa a wata firamare a Kano kafin mu taho Amurka, kuma a cikin shekarun nan babu aikin da na ƙware a kai kamar tsaron ƙofa. Duk Litinin da Alhamis ni ce a bakin get da tsumagiya. Takwas saura kwata tana yi zan ja ƙofa, wanda ya rage a waje ya san sauran. Babu irin uzurin da ban ji ba. An aike ni niƙa, akuya ta cinye mini littafi, kakata ta rasu. Akwai yaron da kakarsa ta rasu sau uku a zango ɗaya. Da wannan ilimin na iso Greensboro, na tabbata a raina cewa duk yaron da ya buɗe baki a kan zancen lattin makaranta ƙarya zai yi.

Karatun digiri na uku ne ya kawo maigidana, a farkon shekarun casa'in. Ni kuwa takardar malantata ba ta tsinana mini komai a nan ba, na ƙare a wata masaƙa ina duba yadi, ana shiga aiki bakwai da rabi na safe. Muna haya a wani ɗan gida a hanyar Pleasant Garden, inda ko gishiri za ka saya sai ka tayar da mota. A lokacin 'yarmu ɗaya ce, shekararta goma.

Ita ce 'yar fari, don haka ba na kiran sunanta. "Ke" nake ce mata. Ba na yabonta a gaban mutane, ba na jan ta jikina, haka na ga uwata ta yi da babban yayanmu, kuma ba wanda ya ce ba ta son sa. Sai dai a gida akwai kaka, akwai gwaggo, su ne za su ɗauki yaron su shagwaɓa shi, su yi masa duk abin da uwa take jin kunyar yi. Ni na ɗauko kunyar na taho da ita har Amurka, na bar kakar da gwaggon a Kano. Kullum idan na sauke ta a makaranta tana ganin matan Turawa suna sumbatar 'ya'yansu a goshi. Ni abin da take samu a wurina shi ne, "Rufe mini ƙofar da kyau."

Bakwai da kwata nake sauke ta. Karatu sai takwas, amma akwai wata dattijuwa mai dafa wa yara abinci da take buɗe ɗakin cin abinci da wuri saboda 'ya'yan irinmu masu aikin safe.

Wata Litinin a farkon Afrilu na ɗauko ta da yamma, tana shiga mota ta fara magana da Turanci, kamar yadda ta saba idan abu ya ɗauke mata hankali. Wai hedimasta ya yi sanarwa ta lasifika. Wai yau ne wasan ƙarshe na ƙwallon kwando na jami'o'in ƙasar nan duka, kuma ƙungiyar jiharmu tana ciki. Wai idan suka ci, gobe ba za a buɗe makaranta ba sai ƙarfe goma, don yara da malamai su sami barci.

Na yi dariya har sai da na rage gudu.

"Idan sun ci?"

"Eh, Mama. Idan sun ci."

"Idan ba su ci ba fa?"

"Takwas."

"To ina takardar?"

Ta ce babu takarda, ai ba a san ko za su ci ba, da baki ya faɗa. Za a bugo wa iyaye waya da safe.

Ni na san makarantun ƙasar nan. Ko kwarkwata aka gani a kan yaro ɗaya sai an ba kowa takarda ya kai gida. Ranar dusar ƙanƙara kuwa a rediyo ake faɗa. Amma a ce shugaban makaranta, babban mutum mai furfura, ya jingina karatun yara ɗari uku a kan ko wasu samari masu gajeren wando za su jefa ƙwallo a raga? Ko yaron nan mai kaka uku bai taɓa kawo mini irin wannan ba. Kuma wata biyu kafin nan ta taɓa ce mini ba a ba su aikin gida ba, na buɗe jaka na same shi. Ƙaramar ƙarya ce, irin ta kowane yaro, amma ni ba na yar da irin wannan, ajiyewa nake yi.

Na gaya wa babanta, ya ɗaga kai daga takardunsa ya ce, "Mutanen nan fa a kan ƙwallon nan ba su da hankali, zai iya yiwuwa." Na ce masa shi ya san littafi, ni na san yara. Ya mayar da kansa ƙasa. Kafin asuba ya riga ya fita ɗakin bincikensu.

Da safe na same ta a kicin da kayan barci, ta kunna rediyo ƙasa-ƙasa.

"Mama, sun ci. Ba ki ji hon ɗin motoci jiya ba?"

Na ji hon ɗin, har na yi tsaki na juya. Na ce, "Sun ci, Allah ya sanya alheri. Rediyon ya ce an ɗaga makarantarku?"

Bai ce ba. Makarantarsu ƙarama ce, ba ta cikin waɗanda ake ambata.

"Ki jira wayar, Mama. Don Allah. Minti goma kawai."

"In jira waya in makara a wurin aiki saboda ke kina jin barci? Maƙaryaciya. Tashi ki sa kaya."

Ta sa kaya tana kuka marar sauti. Ta ɗauko rigar ruwanta, na ce ta ajiye, daga mota zuwa ƙofa taku nawa ne, ɓata mini lokaci kawai take yi. Muka fita bakwai saura biyar. Ana yayyafi mai sanyi, irin na Afrilun nan da yake shiga ƙashi.

A hanya na ga bishiyoyin wasu gidaje an naɗe su da takardar banɗaki, fara fat, tana lilo a cikin ruwa. Ta nuna da yatsa ta ce haka suke yi idan sun ci. Na ce mahaukata. Titin da kullum nake bin bayan motar makaranta mai ruwan ɗorawa, ranar babu ita.

Muka shiga harabar makarantar. Babu mota ko ɗaya. Tsohuwar motar dattijuwa mai abinci, wadda kullum take gefen kwandon shara, ba ta nan. Tagogin ɗakin cin abinci duhu.

Wannan wurin ne na daɗe ina gyarawa idan ina ba da labarin. Nakan ce ban lura ba, ina sauri. Ƙarya nake yi. Na gani, wallahi na gani, kuma a take na san yarinyar nan gaskiya ta faɗa. Abin da ya rage shi ne in juya kan mota in ce mata, "Ashe haka ne." Kalma uku. Na duba bakina ban same su ba. Ni da na yi shekara bakwai ba a taɓa jin na ce wa yaro ya fi ni gaskiya ba, zan fara a kan 'yar da ko sunanta ba na faɗa?

Na ce, "Sauka. Yanzu za ta zo."

Ta dube ni. Ba ta sake roƙo ba. Ta sauka, ta rufe ƙofar da kyau. A madubi na gan ta ta je ta ja ƙofar ɗakin abincin, ta sake ja, sannan ta juya ta tsaya a ƙarƙashin ɗan rufin da bai kai faɗin tabarma ba.

Na isa aiki da saura minti huɗu, har shugabar sashenmu ta yaba mini, don rabin ma'aikatan ba su iso ba. Waɗanda suka zo duk muryarsu ta dushe. Na tsaya a kan injina yadi yana wucewa, ban ga zare ɗaya ba. Sau biyu na yi niyyar in ce a ba ni izini. Sau biyu na ce wa kaina ai yanzu wani ya buɗe mata.

Goma da kwata aka kira ni ofis, waya daga makaranta.

Ba wanda ya buɗe mata sai goma saura kwata. Kusan awa biyu da rabi tana tsaye. Gidan da ya fi kusa yana can tsallaken babban titi, kuma na sha gaya mata idan ta kuskura ta bar harabar makaranta sai na karya ƙafarta. Ta ji maganata. Fitsari ya matse ta, babu inda za ta, kuma 'yar da na yi wa tarbiyya ba za ta tsuguna a fili ba. Ta riƙe har ya fi ƙarfinta. Motar makaranta ta farko ta iso cike da 'yan ajinsu sanye da rigunan ƙungiyar, suna waƙa, suka same ta a haka. Ruwan sama bai ɓoye ba, yara sun fi kowa ganin irin wannan. Sunan da suka laƙa mata ranar ya bi ta har ta bar makarantar.

Na same ta a ɗakin nas, an lulluɓe ta da bargo, an ba ta wani wando na yaran da suka manta kaya, ya yi mata yawa. Leɓɓanta sun yi fari. Hedimastan yana tsaye, shi ma da rigar ƙungiyar a kan taye. Ya ce sun bugo gidanmu bakwai da minti biyar. Ya ce ya kamata ya ba da takarda, laifinsa ne, ya ba ni haƙuri. Sannan nas ɗin ta ce, a hankali, a ƙasar nan barin yaro shi kaɗai a irin wannan hali abu ne da ake kai wa hukuma, amma wannan karon sun ɗauka rashin fahimta ne. Ta ce, "Ba ta gaya miki ba ne?"

Yarinyar ta ɗago ta dube ni. Su duka suna jira in je in rungume ta, na ga haka a fuskarsu. Na tsaya inda nake da jakata a hannu.

Na ce, "Ba ta yi mini bayani sosai ba."

Ba ta ƙaryata ni ba. Ta mayar da kanta cikin bargon.

A mota kunya ta ci ni, kuma ni idan kunya ta ci ni faɗa nake yi. Na ce ta tona mini asiri a gaban Turawa. Na ce ƙatuwa da ita ta kasa riƙe fitsari. Na ce da ta saba faɗin gaskiya da ba a kai ga haka ba. Na rufe da cewa, "Daga yau kada ki sake zuwa mini da wata magana da baki. In babu takarda a hannunki, ki riƙe abinki."

Ta ce, "To, Mama." Da Hausa ta faɗa.

Da muka shiga gida fitilar na'urar ajiye saƙon waya tana ƙiftawa. Na danna na goge ban saurara ba. Da yamma na soya mata ƙwai da dankali, abin da ta fi so, na tura mata faranti ban ce komai ba. A wurinmu ban-haƙurin uwa ke nan, kuma na ɗauka an wuce wurin. Ta cinye, ta wanke farantin.

Sati bai cika ba na fara samun takardu a kan teburin kicin. Takardar taron iyaye. Sakamakon jarrabawa. Ranar da ta yi zazzaɓi a makaranta, takardar nas ta ajiye mini, ba ta ce kanta yana ciwo ba. Ranar da ta fara al'ada, 'yar takardar da ake raba wa 'yan mata a aji na tarar a ƙarƙashin kofin shayina. Da farko har daɗi na ji, na ce wa babanta yarinya ta nutsu. Tana gaishe ni, tana aikin gida, idan na tambaye ta tana amsawa. Amma ta zo da kanta ta ce, "Mama, kin san me ya faru yau?", wannan ya ƙare a ranar Talatar nan. Ƙannenta da aka haifa daga baya suna cika mini kunne da surutu har in kore su, ita tana gefe tana karatu.

Takardar samun jami'a a kan tebur na gan ta. Ta aikin da ta samu a wata jiha, haka. Maganar wanda za ta aura babanta ta gaya wa, da baki, suna dariya a falo, ni kuwa katin na samu.

Bara waccan ta zo hutu. Babanta ya rasu, gidan ya rage ni kaɗai. Bayan ta gaishe ni ta zauna a kujerar kicin, ta buɗe jaka ta ciro wani ɗan hoto baƙi-baƙi na asibiti, irin wanda ake yi wa mai juna biyu, ta turo mini shi a kan tebur. Shekara shida suna neman haihuwa.

Na dubi hoton. Na kira sunanta, karo na farko a gabanta, na ji shi baƙo a bakina. Na ce, "Ki faɗa mini da bakinki. Zan yarda."

Ta yi murmushi, ba na mugunta ba, irin wanda ake yi wa tsofaffi. Ta sa yatsa ta ƙara turo hoton gabana.

"Ga shi nan a rubuce, Mama. Har da kwanan wata."