Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Shekarun baya, lokacin da nake ɗaukar tulu ba sai an ɗora mini ba, wani abu ya same ni a ƙauyenmu na wajen Dutsi.

Ɗana na fari namiji ne. Allah Ya ba shi jiki, amma wayonsa bai girma tare da jikin ba. Ya haura arba'in bai san ranakun mako ba, sai dai ya san awakinmu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa renon mutanen da ce. Tun ranar suna ban taɓa kiran sunansa ba, saboda alkunyar ɗan fari. "Kai" nake ce masa, ko "wannan". Da haka nake yi wa matan yanzu gori.

Wata damina ya fara shigowa yana cewa ga shi, wai na kira shi. Na ce wa ya neme ka? Ya daina wanka, yana dariya shi kaɗai, yana kasa kunne a jikin bango. Ƙanena mai fataucin dabbobi a Mai'adua ya ce wannan ba halinsa ba ne, a kai shi asibiti. Na ce ni na haife shi, dama can da awaki yake hira. Aka yi tofi, aka yi hayaƙi, na rufe maganar.

Ran nan da hantsi ina tankaɗe, maƙwabciyata ta faɗo gida ko mayafi babu. Na bi ta da gudu. Ga shi zaune a bakin rijiya, ƙafafunsa a ciki, yana leƙawa yana cewa, "Ina zuwa, Inna." Ni kuma ga ni tsaye a bayansa.

Mata suka ce in kira sunansa. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Kai, wannan, wa zai ba awaki ruwa?" Yana waiwayowa maza suka cafke shi. Ya dube ni, ya dubi rijiyar, ya ce tun safe nake kiran sunansa daga ciki.

Ƙanena ya kai mu Katsina. Likita ta ce lalura biyu gare shi. Akwai ƙarancin wayon da aka haife shi da shi, akwai kuma ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya ji muryar da babu ita. Sunan ciwon bai zauna a bakina ba. Ta ce na farkon ne ya ɓoye mana na biyun, kuma ba a wasa da maganin.

Ya samu sauƙi, ya koma kiwonsa. Sai wata rana ina shara na ɗaga tabarmarsa, na ga ƙwayoyin maganin a tare. Na tsare shi ina faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, in na sha, mai kirana tafiya take yi. Ita tana faɗin sunana."

Ashe shekara arba'in abin da yake jira ke nan, ni ina can ina taƙama da kunya.

Na ɗebo ruwa a moɗa, na sa masa ƙwaya a tafin hannu, na ce ya dubi bakina. Sannan na kira shi. Sunan ya fito a karkace, kamar ba ni na haife shi ba. Ya amsa, ya haɗiye maganin.

Tun ranar haka muke yi kowace safiya. Na gaya masa in ya ji kiran bai ga bakina ba, to ba ni ba ce. Matan da nake yi wa gori yanzu su ke tsokanata, na kuwa ƙyale su. Amma kada ku tambaye ni sunan. Shi kaɗai nake faɗa wa.